Leshin da Tabawa Ta Mayar

Ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara, don in na gama tambayarku zan yi. Wadda ba ta ji farko ba kuma kada ta sa min baki a ƙarshe.

A Funtua akwai wata mata, Hajiya Kubura, mai sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Mace ce da ta san zane. Da yatsa biyu take murza yadi ta gaya miki ko zai zuba in ya ga ruwa. 'Yarta Suwaiba za a aurar ga wani yaro, Nafi'u, mai gyaran injin ban ruwa a bakin kasuwa. Yaron ba ɗan garin ba ne. Daga Rafin Ɗinya ya fito, wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina sai in direban mai taurin kai ne. Yaran suna son juna, iyaye maza sun daidaita, an kawo lefe, an sa rana. Abin da ya kusa rusa auren nan ba hali ba ne, ba asali ba ne. Zane ne.

Matan birni sun fito da wata al'ada a 'yan shekarun nan. Ranar wuni uwar amarya da uwar ango sukan fito da kaya iri ɗaya, yankan bandir ɗaya, su zauna kusa da juna, duk wadda ta shigo ta san gida biyu sun zama ɗaya. Ba ankon ƙawaye ba ne da kowa ke sawa, wannan na mutum biyu ne kacal. Hajiya ta je bukukuwan ƙawayenta ta ga an yi, ta ƙudura a ranta ita ma sai ta yi.

Ba ta yi gaggawar zaɓe ba. Ta kira Nafi'u ta tambaye shi ko mahaifiyarsa fara ce ko baƙa, doguwa ce ko gajeruwa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce baƙa ce, siririya. Hajiya kuwa fara ce mai jiki. Ta ture ja gefe, ta ce ja na yara ne. Ta ture fari, kada a ce tsofaffi suna gasa da amarya. Shuɗi mai duhu ta ce zai haɗiye baƙar mace. Mai duwatsu ta ce zai yi wa wadda ba ta saba ba nauyi, ta wuni tana susa. A ƙarshe ta tsaya a kan wani leshi ruwan zuma, mai taushi, marar hayaniya, wanda zai haska baƙa kuma ba zai kashe fara ba. Ta sa almakashi ta raba shi biyu daidai, ta turara rabin, ta aika Rafin Ɗinya. Ina gaya muku wannan ne don kada wata ta ce nuna arziki Hajiya ta yi. Ta yi tunanin launin matar nan, da tsayinta, da shekarunta. Abu ɗaya ne ba ta tambaya ba: Nafi'u ɗa na nawa ne a ɗakinsu.

Ɗan fari ne.

Uwarsa sunanta Tabawa. A Rafin Ɗinya uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta haɗa ido da shi gaban mutane. Tun da ta haife shi "yaron can" take ce masa. Ranar aurensa kuwa uwar kirki ba ta ado. Tsohon zaninta take ɗaurawa ta shige madafa, ko ta tafi maƙwabta, kamar ba a gidanta ake buki ba. Wadda ta yi kwalliya a auren ɗan fari, matan garin cikin waƙar daka suke sa ta. Waƙar daka a garin nan kuwa ba ta mutuwa da mai ita, jikoki ma sai sun ji.

Da leshin ya iso, Tabawa ta wanke hannu kafin ta taɓa shi. Ta warware, ta duba, ta ninke. Ta ce, "Wannan kayan mutanen kirki ne. Ni ba sawa zan yi ba, kuma asara ce in bar shi a adaka asu ya cinye. A mayar wa baiwar Allah abinta, ta ba wadda za ta mora." Ta haɗa da ƙwaryar man shanu da curin daddawa, ta ba direban motar kasuwa, ta ce a ce ta gode. A ganinta mutunci ta yi.

Direban ya sauke saƙon lokacin da ƙawayen Hajiya suke zaune a falonta suna zaɓen atamfa. A gabansu aka kwance ƙunshin.

Wata ta ce, "Ikon Allah. Ko tela ba su nuna wa ba."

Wata ta ɗaga ƙwaryar ta ce, "Man shanun fa? Na shafa wa zuciya ne?"

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. A wurin matan Funtua, in surukarki ta mayar miki da zanen da kika ba ta, ta gaya miki ba ta son haɗa jini da ke. Ta sa aka rufe akwatunan lefe aka jera su a zaure. Mijinta ya ce a dai bincika tukuna. Ta ce in yana so ya ba da 'yarsa, iko nasa ne, amma ita ƙafarta ba za ta taka wurin bukin ba. Alhaji ya janye, kamar yadda mazan da suka san gidansu suke yi. Nafi'u ya zo ya yi sallama har ya gaji, ba a yi masa iso ba. Ko an yi masa ma, wane ɗa ne zai tsaya gaban surukarsa yana fassara kunyar uwarsa? Suwaiba ta shige ɗaki ta daina cin abinci. Ranar buki kuma tana matsowa.

Mata uku ne suka tsaya wa auren nan. Ku riƙe sunayensu.

Ta farko Lantana ce, ƙanwar Hajiya uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu, kuma da kayan Hajiya take bin gidaje tana dillanci, da shi take ci da 'ya'yanta. Ita Hajiya ta kira ta ce, "Ki samo a-kori-kura ki kai musu akwatunansu. Ki ajiye a ƙofar gida, kada ki sha ko ruwansu." Lantana ta ce, "To, Yaya." Aka loda akwatuna. Da suka kai shataletale ta ce wa direba ya karya zuwa unguwarsu. Ta jibge kayan a ɗakinta ta rufa musu tabarma. Lantana ta san abin da fushi ya hana yayarta gani: lefe in ya koma gida ba ya sake fitowa. Da zarar mazan ƙauye sun ga akwatuna a ƙofa za su yi rantsuwa, rantsuwar maza kuwa ba ta warwaruwa kamar fushin mata. Ta aika wa dangin Nafi'u cewa gida ya kama da wuta, aure na shirin watsewa, su turo babba. Sannan ta koma wurin yayarta.

"Kin kai?"

"Na kai, Yaya."

"Me suka ce?"

"Ba wanda ya ce komai."

Wannan kam gaskiya ta faɗa. Amma unguwa ba ta rufa asiri. Wata ta ga saukar akwatuna, zance ya zagaya ya iske Hajiya. Ta zo da kanta ta ɗaga tabarmar.

"Lantana, ni kika yi wa ƙarya?"

"Ke na yi wa, Yaya. In kin huce kya gode min. In ba ki huce ba, ga ni."

Hajiya ta kwashe kayan sayarwarta kaf daga ɗakin, ta ce kada ta sake ganin ƙafar Lantana a gidanta. Ta tafi da niyyar samo wata mota da wani ɗan aike. Sai dai ɓoyon ya riga ya yi aikinsa, don kafin a sake loda akwatuna babbar da aka ce a turo ta iso.

Ita ce ta biyu, Gwaggo Asabe, yayar mahaifin Nafi'u. A Rafin Ɗinya in mata suka yi faɗa wurinta ake zuwa, abin da ta yanke shi ke nan. Tun da iyayenta suka rasu ba wanda ya ga gwiwarta a ƙasa, gwiwar ma ciwo take mata. Ta hau motar kasuwa cikin buhunan albasa ta sauka Funtua. Da ta shiga gidan Hajiya aka miƙa mata tabarma, ta ƙi, ta zauna a kan siminti tsakar gida. Hajiya ta bar ta nan tun hantsi har la'asar. Masu sayen atamfa suna shiga suna fita suna ratse ta, wata har ta ce, "Wannan ce mai man shanun?" Asabe ba ta ɗaga kai ba. Da Hajiya ta fito alwala, tsohuwar ta dafa bango ta durƙusa gwiwa biyu.

"Hajiya, matar ƙanena ba ta raina ki ba. Ban zo in yi miki dogon zance ba, tambaya zan yi. An ce min ke ce ta fari a ɗakinku."

"Ni ce."

"Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta taɓa kiran sunanki?"

Hajiya ta tsaya da buta a hannu. Uwarta har ta koma ga Allah "'yar nan" take ce mata.

"Ranar aurenki a ina ta wuni, kuma me ta ɗaura?"

Hajiya ta tuna. A maƙwabta uwar ta wuni tana taya su surfe, da zanen da take girki da shi. Birni ne ya mantar da Hajiya abin da ta gani da idonta. Ta ajiye butar ta ɗaga Asabe, ta sa aka kawo mata ruwa da abinci. Amma kada ku ɗauka ta sauko gaba ɗaya. Ta ce, "Gwaggo, na yarda ba raini ba ne. Sai dai a gaban mutane aka kwance min kayan nan. A gaban mutane za ta sa shi. In ba haka ba kowa ya riƙe nasa."

Asabe ta karɓi leshin ta kai wa tela. Ta ce a yi bubu, don ta san Tabawa ba za ta bari a sa mata abin awo a jiki ba, bubu kuwa ba ya neman awo. Ta koma gida da riga a ƙunshe. Labarin durƙusonta ya riga ta isa. Tun daga ranar in ta yanke hukunci tsakanin mata, sai wadda ba ta ji daɗi ba ta ce ƙasa-ƙasa, "A Funtua dai ba haka aka yi magana ba." Gwiwar kuma ba ta sake miƙewa daidai ba, da sanda take tafiya har yau. Duk da haka da ta shimfiɗa rigar gaban Tabawa ta roƙe ta, amsa ɗaya ta samu: "Yaya, ki yanka ni ya fi min sauƙi."

Ta uku Kulu ce, taubashiyar Tabawa. Uban Kulu da uwar Tabawa wa da ƙanwa ne, don haka tun suna yara Kulu take ce mata baiwa, ita kuma ta rama da zagi, ba mai jin haushi. Abin da taubashi ya yi miki a bainar jama'a, in wani ya yi sai an kai ƙara. Kulu ce kuma mai wankan amare a garin, ba a kai yarinya ɗakin miji sai ta bi ta hannunta. Ta ji duk abin da ake ciki, sai ta karɓi rigar a wurin Asabe ta ce za ta duba ɗinkin.

Safiyar wuni mata suka cika gidan Tabawa suna jiran motocin Funtua. Tabawa tana madafa da tsohon zaninta, tana tuƙa tuwon da ba wanda ya ce ta tuƙa. Sai ga Kulu da wasu ƙartin mata biyu a bayanta, riga a kafaɗa.

"Ina baiwar nan tawa? Yau kasuwar Funtua zan kai ta in sayar, kuma ni ba na kai kaya kasuwa cikin tsumma."

Gida ya ɗauki dariya. Tabawa ta ɗaga muciya ta ce, "Kulu, ki kiyaye ni. Yau ba ranar wasa ba ce."

"Ji min baiwa! Yaushe kika fara sa wa uwargijiyarki ranar wasa? Ku kama min ita."

Suka yi mata kamu kamar amarya. Tabawa ta yi kokawa ta gaske, tana ihu, "Wayyo jama'a, ku shaida! Ku shaida ƙarfi aka fi ni!" Kulu tana cewa, "Sun shaida, miƙo hannu." Cikin haka gwiwar hannun Tabawa ta sami bakin Kulu, haƙorin gaba ya fita. Kulu ta juya kai ta tofar da jinin can gefe don kada ya taɓa leshin, ta ci gaba da ɗaura mata ɗankwali. Suka cicciɓe ta zuwa mota. A wurin wuni Kulu ta zauna a ƙasa bayan kujerar Tabawa, ta naɗe gefen rigar a hannu, ba ta saki ba har aka tashi.

Haka uwar amarya da uwar ango suka zauna kusa da juna cikin ruwan zuma, fara mai jiki da baƙa siririya, kuma leshin ya karɓi kowacce yadda Hajiya ta auna. Tabawa ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Matan Funtua suka ce, "Kai, surukar Hajiya akwai kamun kai." Matan Rafin Ɗinya suka ce, "Baiwar Allah, an fi ƙarfinta ne." Aka ɗaura aure, aka kai amarya.

Waƙar daka ta fito kamar yadda aka saba, amma ba da sunan Tabawa ba. "Kulu mai giɓi, leshin wasu ya ci haƙorinki," shi ake rerawa a bakin turmi. Tsofaffin garin suka ce wasa ma yana da iyaka, wadda ta tuɓe wa uwa kunyarta ba za ta sake wanke musu 'ya'ya ba. Aka ba wata wankan amare. Tabawa kuma dole ta daina yi wa Kulu magana, don in ta yi za a ce baki suka haɗa. Kulu dai takan ce, "Hannunta na hagu ni na tura cikin rigar. Na dama da kansa ya shiga." Tabawa ta ce ƙarya take.

Bayan shekara Suwaiba ta haihu. Hajiya ta aiko cewa ranar suna za ta sake sa nata leshin, kuma tana son ganin ɗan'uwansa a gefenta. Wannan karon ba ta yi barazana ba, roƙo ta yi. Tabawa ta ciro rigar daga adaka ta ce, "Sau ɗaya kamu ne. In na sake sawa kowa ya san da yardata. A ba ɗaya cikin ukun da suka riƙe auren nan, ta sa ta zauna a madadina. Wadda ta sa, ita ce uwar ɗakin yaran daga yau, wurinta za su kai kuka, ita za a fara gaisarwa da salla." Hajiya ta ce ta yarda, ko wace ce.

Nan aka tsaya. Lantana ta ce da akwatuna sun isa Rafin Ɗinya, da ba wanda za a durƙusa wa, ba wadda za a kama. Har yau yayarta ba ta mayar mata da kayan dillanci ba, wankau take yi. Aka ce mata ai ƙarya ta yi wa babba, kuma ita dangin amarya ce, ina ita ina rigar uwar ango.

Asabe ta ce ɓoye akwati ba ya sauya zuciya. Da ba ta wuni a rana ba, da Hajiya ta samo wata mota, kuma da ba a san ma inda ciwon yake ba. Ta nuna sandarta. Aka ce mata ai sharaɗi ta ɗauko ta dawo da shi gida, sharaɗin da ita kanta ta kasa cikawa.

Kulu ba ta yi dogon bayani ba, baki ta buɗe ta nuna giɓi. Ta ce ɗaya ta ɓoye kaya, ɗaya ta yi roƙo, amma riga ba ta shiga jikin mutum da roƙo, kuma su biyun ba wadda ake dakawa da sunanta kowace safiya. Aka ce mata ita a shimfiɗar wasu ta zo ta yi rawa, kuma kowa ya ga daɗin abin take ji.

Kada wata ta ce min a raba. Bubu ce, riga guda, in an sa mata almakashi ta zama tsumma, kuma kujera ɗaya ce a gefen Hajiya. Kada kuma wata ta ce a mayar wa Tabawa, ta rantse ba za ta sake sawa ba. Suna ya matso, rigar tana rataye a igiya an turara ta.

To, ku gaya min: tsakanin Lantana da ta rasa abincinta, da Asabe da ta rasa girmanta, da Kulu da ta rasa haƙori da sana'a da 'yar'uwa, wace ce za ta sa leshin nan?